Allurar Iya da Kunyar Suruki

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya sa ɗaci a maɗaci ya sa zaƙi a rake, bai kuma yi ko ɗaya a banza ba.

Na rubuta wannan ne saboda duk macen da za a damƙa wa jinyar mai ciwon sukari, balle in majinyacin zai kwanta a gidan da yake jin nauyi. Mu abin ya kusa cin ran mahaifiyata. Magani yana nan, abinci ma yana nan, a gabanta, a rufe da faifai.

Sunana Zulai, ni ce 'yar farin Iya. Ana yaye ni ƙanwar mahaifina, Gwaggo Tabawa, ta ɗauke ni ta tafi da ni Kano inda take aure, a can aka sa ni makarantar 'yan mata. Da mijinta ya rasu, mahaifina ma ya rasu, sai ta dawo Ƙafin Maiyaki suka zauna gida ɗaya da Iya, ni kuma aka yi mini aure aka kai ni Bebeji gidan Malam, wanda yake koyarwa a elementare. Iya ba ta taɓa faɗin sunana ba. In na durƙusa gaishe ta, bango take kallo ta amsa. In tana son a kira ni sai ta ce, "Ku ce wa waccan ta zo." Amma ban taɓa barin gidan na kwance ƙunshin kayana ban tarar da curin nakiya a ƙasa ba, wanda babu wanda ya ga lokacin da aka sa shi.

Sana'arta ke nan, alkaki da nakiya na gara. Daga Badafi har Kiru ana aiko mata da alkama da shinkafa in biki ya matso. Tafin hannunta kullum ƙamshin man shanu da zuma yake, har in ta shafa kan yaro sai ya wuni ƙudan zuma suna bin sa.

Ciwon da bazara ya fara, shi ya sa ba wanda ya kula. Kowa yana jin ƙishirwa da bazara. Iya sai ta shanye moɗa ta sake cikawa, ta ce bakinta kamar an zuba toka. Buta ba ta hutawa. Tana ci kamar da, har fiye, amma awarwaronta da yake tsayawa a wuyan hannu ya fara zamewa har gwiwar hannu in ta ɗaga taɓarya. A mako na gaba ta ce hazo take gani, ta kasa zura zare a allura. Ta yi tuntuɓe a bakin murhu, ɗan yatsan ƙafarta ya fashe, ya ƙi rufewa. Gwaggo ce ta fara lura kiyashi suna yin layi zuwa makewayi duk inda Iya ta tsuguna.

Daga nan masu dubiya suka fara zuwa, kowa da maganinsa a baki. Wata ta ce shawara ce, a jiƙa saiwa. Wani kawunmu ya ce sammu ne, ai duk mai sana'ar da ta yi suna ba ta rasa mai baƙin ciki, ya kawo rubutu. An sha shuwaka, an sha ɓawon maɗaci, an sha garafuni. Iya ba ta musu da kowa, duk abin da aka miƙo sai ta yi bismilla ta shanye. Ina gode musu har yau, don da ƙafa wasu suka tako daga nesa. Amma makonnin da aka ɓata ana jiƙe-jiƙe sun ci naman jikinta, wannan ma sai na faɗa.

Da saƙo ya iso Bebeji, Malam bai bari na ƙarasa roƙo ba. Ya ce, "Ki je ki kai ta asibitin birni. In kuɗi ya yanke ki aiko." Da na shiga ɗakinta na gan ta a kan tabarma, sai na tuna ganyen rama da aka shanya. Na gaishe ta, ta dubi bango ta ce, "Wa ya ce a taso ki?"

A jaki muka kai ta Dangora, ni da Gwaggo, muka shiga jirgin ƙasa. Iya ba ta taɓa shiga ba. Ta riƙe bakin taga tana kallon itatuwa suna gudu baya, ta ce wa Gwaggo, "Tabawa, su kuma ina za su?" Gwaggo ta ce, "Gudun mai alkaki suke, kar ta soya su." Haka suke, matar wa da ƙanwar miji, ko a bakin kabari sai sun yi tsiya.

Layin asibiti kuwa ba zan yabe shi ba. Mun yi kwanaki muna sammako daga gidan da muka sauka, mu zauna a benci har rana ta kore inuwa, a ce mu dawo gobe. Muna gani mai sanayya ya zo a bayanmu ya shige. Iya tana neman makewayi a kai a kai, in ta dawo an cinye mata wuri. Ranar da aka kai gare mu, aka ba ta 'yar kwalba ta kawo fitsari. Ma'aikacin ya ɗiga shi a cikin wani ruwa shuɗi kamar na marina, ya ɗora a wuta, muna kallo shuɗin ya koma kore, ya koma rawaya, ya tsaya a ja kamar jar ƙasar gini. Ban taɓa ganin abu mai kyau haka ya zo da mugun labari ba.

Likitan Bature ne, tafinta yana tsaye a gefensa. Ya ce ciwon sukari ne, ba ya warkewa amma ana zama da shi. Ya ce a bar zuma, a bar rake, a bar mazarƙwaila, a bar sukari. Da aka gaya masa sana'arta sai ya girgiza kai. Ya faɗi sunan maganin, insulin, ya ce allura ce kullum da safe har iyakar rai. Iya ta ce wa tafinta, "Ka tambaye shi, rai nawa ya rage da za a yi ta huda shi?" Tafinta bai juya wannan ba.

An kwantar da ita 'yan makonni. Sistar ɗakin mata, wata mutuniyar Kudu mai faɗa da kirki, da ta ga ina karanta abin da ke jikin kwalba sai ta ce ni zan koyi allurar. A jikin lemo na koya, ina huda shi ina ba shi haƙuri a zuci. Ta koya mini tafasa sirinji, da jawo maganin daidai zanen da aka nuna, da sauya wuri daga cinya zuwa cinya, da naɗe kwalbar a jiƙaƙƙen tsumma a ajiye gindin randa. Ranar sallama ta kama kunnena ta ce, "In kin yi allura, ta ci abinci. In kin ga gumi, hannu yana rawa, tana surutu, ba ta zaƙi maza-maza." Gwaggo tana jin haka ta taɓe baki. Da muka fito ta ce, "Likita ya ce guba, ita ta ce magani. To ni na babban na ji."

Kafin mu koma gida tunkiyar Iya ta tafi, babbar tasarta ta jan ƙarfe ma ta tafi. Ba maganin ne ya cinye su ba, jirgi ne da abinci da itace da sabulu, don zaman birni komai sai an saya, har ruwa. Bayan haka duk ƙarewar kwalba sai Malam ya yi tattaki Kano ya karɓo wata, bai taɓa bari na ji nauyin abin a bakinsa ba.

A Ƙafin Maiyaki Gwaggo ta ɗaura ɗamarar yaƙi da zaƙi. Tulun zuma ta bayar. Ragowar mazarƙwaila ta raba wa maƙwabta. Mai tallan rake in ta yi sallama, tun daga zaure ake korar ta. Daga nan abin ya wuce inda likita ya tsaya. Dabino, a'a. Ɗinya da kanya, a'a. Dankali, a'a. Kabewa a miya, a'a. Wata rana ta ɗanɗana fura ta ce tana jin zaƙin gero, aka hana fura. Nonon da wata Bafulatana ta saba kawowa daga rugarsu ma ta ce sai wanda ya yi tsami har ya murtuke fuska.

Iya ta ce, "Tabawa, ɗauki lomar tuwon nan ki tauna, kar ki haɗiye, ki yi ta taunawa."

Gwaggo ta tauna, ta daɗe.

"Me kika ji?"

"Ba abin da na ji."

"Ƙarya kike, na ga idonki. To ki hana tuwon ma, ki dafa mini tsakuwa."

Ni dai ina tsakani. Ina tsoron zaƙi kamar yadda Gwaggo take tsoro, don na ga jan ruwan nan da idona. Amma in na zauna da yamma ina kallon gonaki, sai in ga babu inda zaƙi bai ɓuya ba. Yana cikin karan dawa da yara suke tsotsa, yana cikin furen da tsuntsu yake zura baki, da shi aka fara tarbar kowannenmu a ƙirjin uwa. Sai in ce, anya mutum zai iya share shi kaf daga rayuwarsa kamar yadda ake share tsakar gida?

Da allura jikin Iya ya fara dawowa. Ƙishirwa ta lafa, yatsan ya rufe, hazon ya yaye. Abin da bai dawo ba shi ne walwalarta. In aka aiko neman alkaki sai ta ce a ce ta daina, ta juya ta kwanta. Ta ce wanda ba zai ɗanɗana ba, ba shi da hurumin soyawa.

Damina ta sauka, na daɗe da barin ɗakina, kuma duk garin ba wanda zai iya allurar sai ni. Dangi suka zauna suka ce Iya ta bi ni Bebeji. Ta ce, "In kwana a gidan suruki? Da raina da hankalina? Gara ku haƙa mini rami a nan." Aka yi ta lallashi, har Gwaggo ta ce za ta bi ta, ta zame mata labule. Da kuka aka ɗora ta a jaki, ta lulluɓe har ido kamar amarya.

Malam ya share mata ɗakin da ya fi kyau, shi ya koma kwana a ɗakin zaure. Kullum da safe yakan cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa a ƙofarta ya gaishe ta, ta amsa daga bayan asabari da murya kamar ta sauro. Sai ya ja kekensa ya fita, ko ranar da ba makaranta, ya kaɗa ƙararrawa a ƙofar gida. In ƙarar ta yi nisa sai in tafasa sirinji in yi mata allura, in kawo koko marar zaƙi da ƙosai ko ɗumame, ta ci ta fito tsakar gida ta miƙe ƙafa. Da rana in ya dawo, ta riga ta ci ta shige. Da yamma yana masallaci ake ba ta tuwo. Haka muka yi makonni lafiya lau, ba wanda ya tsara hakan, ba kuma wanda ya lura cewa cin abincin Iya a ɗaure yake da fitar keken nan. Kowa ya san suruka ba ta cin abinci gaban suruki. Sanin ne ya yi yawa har muka daina ganinsa.

Sai aka ba da hutun makaranta.

Malam ya lura in ana ruwa feshi yana shiga ɗakin Iya ya jiƙa mata tabarma. Bai gaya wa kowa ba ya tanadi itatuwa da zana, ya ce ranar farko ta hutu zai yi mata rumfa a ƙofa. Da safen na yi mata allura kamar kullum, na ajiye ɗumame da miyar kuka na rufe da faifai, na kwashi wanki na zaga bayan ɗaki wajen rijiya. Gwaggo ta tafi unguwa neman zogale. Malam ya gaishe ta, ya ɗauki dagi ya fara haƙa ramin farko, taku biyu daga asabarinta.

An yi ruwa jiya, gari ya wanku, tsuntsaye suna ta saƙar sheƙa a bishiyar bayan gida, na shagala da kallonsu hannuna yana cikin kumfa. Can na ɗaga murya na ce, "Iya, an ci?" Ta ce, "Ga shi nan a gabana." Ba ta yi ƙarya ba. Na ci gaba da wanki, Malam yana ta aiki yana ɗan waƙe-waƙensa na makaranta, shi a ransa alheri yake yi. Hantsi ya ɗaga, ya wuce. Gwaggo ta dawo ta zauna tsinke ganye.

Sai na ji an ce, "Zulai! Zulaihatu!"

Na amsa, na ɗauka Gwaggo ce. Da na zagayo sai na ga Gwaggo a tsaye, ganye ya zube a ƙasa, Malam riƙe da dagi ya daskare. Dukkansu asabarin suke kallo. Aka sake kira, da ƙarfi, da dariya a ciki. Muryar Iya ce. Tun da nake ina fatan in ji sunana a bakin nan, yau da na ji sai na san ba lafiya ba.

Na faɗa ɗakin. Tana zaune ta jingina da bango, ɗankwali ya zame, gumi yana tsiyaya kamar an watsa mata ruwa, jikinta kuma sanyi ƙalau. Hannuwanta suna rawa. Tana ta surutu a kan wata shinkafa da ba a daka ba, tana dariya, idonta yana kallona yana wuce ni. Na ɗaga faifan. Ɗumamen yana nan yadda na ajiye shi, miyar ta yi fata.

Gwaggo ta leƙo ta dafe ƙirji. "Iska ce! Na faɗa tun farko akwai iska a ciwon nan. A kawo garwashi, a kira liman!"

Na ce, "Gwaggo, zaƙi za a ba ta. Ba ta ci abinci ba, allurar ce take cin ta."

"Zaƙi? Kin haukace? Uwar taki za ki kashe da hannunki?"

Na duba madafi, na duba ɗakina, na zazzage kwanduna. Babu. Gwaggo ta share gidan nan tas tun ranar da suka zo, ko ƙwayar dabino ba ta bari ba. Na fito ina kuka na ce, "Malam, mazarƙwaila, ko zuma, ko rake, ko mene ne!" Bai tambaye ni komai ba. Ya jefar da dagi ya fita a guje, ba hula, ba takalmi, mutumin da ɗalibansa ba su taɓa ganin ya yi sauri ba. Daga baya na ji cewa a teburin wani mai ƙananan kaya ya fizgi curi ɗaya, ya ce a biyo shi gida.

Kafin ya dawo dariyar ta ɗauke. Kan Iya ya fara langaɓewa, ta zame ta kwanta. Na fasa mazarƙwailar a ƙoƙo na dama da ruwa. Amma a kwance ba za ta iya haɗiya ba, sai an tallafe ta zaune, ni kuma hannuna biyu ne. Na ce, "Gwaggo, riƙe mini ita." Ta ja da baya tana hawaye ta ce, "Wallahi ba da hannuna ba. Me zan gaya wa yayana gobe kiyama?"

Na juya. Malam yana tsaye a bakin ƙofa yana haki, ƙafarsa ɗaya a kan dokin ƙofar da bai taɓa tsallakawa ba. Muka dubi juna. Ya ce, "Bismillahi, Allah ka gani," ya shigo ya durƙusa, ya ɗago ta ya jingina kanta a kafaɗarsa, ya kawar da fuska gefe.

Na fara shafa mata a cikin kumatu da ɗan yatsa. Da na ga maƙogwaronta ya motsa sai na riƙa ɗiga mata kaɗan-kaɗan da ludayi. Ban san tsawon lokacin ba. Na dai san rawar hannun ta fara lafawa, numfashin ya daidaita, idon ya dawo daga inda ya je, kamar fitilar da aka ƙara wa mai. Ta lashi leɓe. Ta ce a hankali, "Wannan ta Ƙafi ce ko ta nan? An ƙona ta."

Gwaggo ta fashe da kuka da dariya gaba ɗaya ta ce, "Ta dawo! Mai alkaki ta dawo, har da sharrinta!"

Iya ta dube ni, ta dubi Gwaggo. Ta ga hannuwanmu duka a gabanta. Ta ce, "To wa ya riƙe ni?"

Ta sunkuyar da ido ta ga hannun riga fari, da laka a jiki. Ta ce, "Innalillahi," ta jawo zane ta rufe kanta ruf. Malam ya zare jikinsa ya fita da baya, ya yi karo da buta, ya yi karo da itacen rumfar, bai tsaya ba sai masallaci. Daga ƙarƙashin zanen nan na riƙa tura mata ɗumamen loma-loma, har ta cinye.

Mako na zagayowa muka koma wajen likita. Ya tambayi abin da ya hana ta cin abinci. Na faɗa. Tafinta ya sunkuyar da kai yana murmushi, don shi ya gane nan take, amma ya daɗe yana yi wa likita bayani. Likita bai yi dariya ba. Ya ce da an ƙara jinkiri da ba ta tashi ba. Maganar da ta zauna mini ita ce wannan: ya ce tuwo da fura da dankali duk in sun shiga ciki sukari suke komawa, kuma da shi jiki yake tafiya, ƙwaƙwalwa ba ta iya ko wuni babu shi. Ba mai iya yanke shi kaf, wanda ya gwada kuma ga allura a jiki, da ransa yake wasa. Abin da ake so a bar shan zuma da rake don marmari, a ci tuwo da fura daidai wa daida, a kan lokaci. Ya ce ta riƙa yawo da ɗan gutsuren zaƙi duk inda za ta.

Iya ta juya ta dubi Gwaggo, kallon ya isa. Gwaggo ta ce, "To ai ni na babban nake ji, yanzu kuma ya sake magana." A tashar jirgi ita da kanta ta sayi mazarƙwaila ta gutsura ta ƙulle wa Iya a bakin zane, ta ce, "Saura in ga ƙullin yana ramewa ba gumi."

Na taɓa gwada tambayar Iya ko ta tuna abin da ta kira ranar nan. Ta dubi bango ta ce, "Ciwo ne." Ban sake ba.

'Yan'uwana mata, in an ba ku irin wannan jinya, kar ku tambaya daga nesa ko an ci. Ku ɗaga faifai ku gani. Ku duba waye a tsakar gida, waye a ƙofa, don akwai yunwar da mutum zai mutu da ita bai faɗa ba. Kar ku kore zaƙi daga gida gaba ɗaya, ku ɓoye kaɗan inda hannu zai kai. In majinyaci ya suma har ba ya haɗiya, kar ku ɗura masa ya shaƙe, ku shafa a cikin kumatu ku nemi asibiti. Allah ya saka wa sistar nan da ta ja kunnena, ban ko san sunan garinsu ba.

Hutu bai ƙare ba, sai Malam ya ɓullo da dabara. Kullum bayan gaisuwa sai ya ja keke ya fita kamar mai zuwa makaranta, ya kaɗa ƙararrawa, ya je gindin tsamiyar da ke bayan katangarmu ya zauna, sai na buga murfin tukunya ya san an gama ya dawo. Muna ganin Iya ba ta sani ba.

Wata safiya hadari ya haɗo tun asuba. Malam ya gaishe ta, ya ja keke, ya kaɗa ƙararrawa. Na yi allura, na ajiye mata fura da nono. Ko ludayi ba ta ɗauka ba ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Ta zauna tana sauraro. Na ce, "Iya, a sha mana."

Ta ce, "Ke. Wannan ƙararrawar kullum a gindin tsamiya take mutuwa."

Ta dubi ruwan ta ƙara da cewa:

"Tsamiya tana tare ruwa ne?"

Na ce, "Ba ta tarewa, Iya."

Ta juya ludayin a cikin ƙwarya, ta daɗe tana juyawa. Sannan ta ce wa bango, "A ce wa mai gidan nan ya shigo. Ya juya baya kawai."

Na yafa buhu na leƙa ta kan katanga na kira shi. Ya shigo jiƙe sharkaf, ya zauna a bakin ƙofar ɗakina ya fuskanci bango, ruwa yana ɗiga daga hularsa. Ya ɗaga murya ya kama karatu, da ƙarfi fiye da yadda ya saba, don ta tabbata ba ya jin komai. Iya ta ɗan saurara. Ta yi bismilla, ta kai ludayi baki.

Ta shanye tas, har ta ce a ƙara mata nono.